Jirgi, Gada da Gajimare: Tarken Hotunan Birnin Rotadam

1.0 GABATARWA

Masu nazarin adabinmu na baka sun daɗe da lura cewa maroƙi ba ya cika yin ƙarya game da sunan ubangidansa, ko garin da ya fito, ko yaƙin da kakansa ya ci. Inda gwanintarsa take shi ne wajen zaɓen abin da zai ambata da abin da zai yi shiru a kansa. Maƙasudin wannan makala shi ne ta ari wannan ma'auni ta auna wani fanni da ba mu saba kawowa gaban tarke ba, watau hoto. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, don haka ne ma jama'a kan ɗauki hoto tamkar shaidar da ba ta san son kai ba. Amma mai kyamara shi ma zaɓe yake yi: shi ya zaɓi inda zai tsaya, da lokacin da zai latsa, da abin da zai bari a wajen iyakar hotonsa.

Misalin da muka ɗauka shi ne Rotadam ta ƙasar Holan, wadda ita ce tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai. Abubuwa uku ne suka mamaye hotunan wannan birni tun kusan shekara ɗari da suka wuce: jiragen ruwa, da gadoji, da sararin samaniya. Za mu ɗora nazarin a kan littafin hotuna na Cas Oorthuys mai suna Rotterdam, dynamische stad, watau Rotadam birni mai kazar-kazar, wanda kamfanin Contact na Amstadam ya buga a 1959, tare da waiwayar wasu ayyuka da suka gabace shi ko suka biyo bayansa. Abin da muke son nunawa shi ne, waɗannan hotuna kirari ne ake yi wa birni, kuma kirarin ya fi ƙarfi a lokacin da ɗan'adam yake tsaye a cikin hoton.

2.0 BIRNIN DA AKE ƊAUKA

Ba za a fahimci hotunan ba sai an san abin da ya sami birnin. Rotadam tana bakin kogin Nieuwe Maas, ɗaya daga cikin bakunan da ruwan kogin Rhine yake bi ya faɗa Tekun Arewa. Arzikinta ya bunƙasa ne bayan 1872, lokacin da aka buɗe wata hanyar ruwa da aka haƙa kai tsaye zuwa teku, bisa tsarin injiniya Pieter Caland, wadda ta ba manyan jirage damar shigowa har cikin gari.

Ranar 14 ga Mayu 1940 jiragen saman Jamus suka yi wa tsakiyar birnin ruwan bama-bamai. Gobarar da ta biyo baya ta cinye gidaje wajen 25,000, mutane fiye da 800 suka mutu, kimanin 80,000 suka rasa matsuguni. A watan Satumba na 1944 kuma sojojin Jamus suka farfasa kwatoci da injunan ɗaga kaya na tashar. Da aka gama yaƙi, mahukunta suka ba gyaran tasha fifiko a kan gyaran gari, sa'an nan tsarin sake gini na 1946 ya yanke shawarar kada a mayar da tsohon birnin yadda yake, a gina sabo fil. Zuwa 1962 Rotadam ta zama tasha mafi girma a duniya, matsayin da ta riƙe har 2004, kafin tashoshin Asiya su sha gabanta.

A nan ya kamata mu lura da wani abu. Mai ɗaukar hoto a Amstadam yana da tsofaffin gidaje da magudanun ruwa na ƙarni na 17 da zai nuna. Takwaransa na Rotadam a shekarun 1950 ba shi da wannan gado, domin wuta ta cinye. Abin da ya rage masa shi ne kogi da abin da ke kansa, da gadojin da suka tsira, da sararin da ya ƙara faɗi saboda gine-ginen da suka tare shi sun rushe. Ke nan abubuwan nan uku ba sha'awa kaɗai ta zaɓe su ba, har da rashi.

3.0 CAS OORTHUYS DA KAYAN AIKINSA

An haifi Oorthuys a Leiden a 1908, ya rasu a Amstadam a 1975. Zanen gine-gine ya koya, ya kuma yi aikinsa a hukumar birnin Amstadam, har karayar tattalin arziki ta farkon shekarun 1930 ta raba shi da aikin. Daga nan ya shiga sahun masu ɗaukar hotunan ma'aikata da marasa aikin yi domin jaridun 'yan gurguzu da na 'yan ƙwadago. A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin da yunwa ta yi ta kashe mutane a yammacin Holan, yana cikin waɗanda suka riƙa ɗaukar hotuna a ɓoye duk da hanin 'yan mamaya. Ya bar dodon hoto, watau baƙin fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi, kusan rabin miliyan, waɗanda ke ajiye a gidan adana hotuna na ƙasar da ke Rotadam.

Wannan tarihi ya haɗa ido biyu a kan mutum ɗaya: idon mai zanen gini, wanda ya san nauyin ƙarfe da miƙewar layi, da idon ɗan gwagwarmaya, wanda ba ya wuce lebura bai dube shi ba. Kyamarar da ya fi aiki da ita, Rolleiflex, ta dace da duka biyun. Akwati ce mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, ana riƙe ta daidai ƙirji ko ciki, mai ɗauka ya sunkuyar da kai ya duba ta samanta, kuma hoton da take fitarwa murabba'i ne, santimita 6 a tsaye, 6 a kwance. Wannan ya haifar da abu uku a salonsa. Na ɗaya, tun da daga ƙasa-ƙasa take kallo, duk wanda ke gabanta yakan yi tsawo, kansa da kafaɗunsa su faɗa cikin sama. Na biyu, tun da mai ɗauka bai ɗora ta a fuska ya auna mutum kamar mai bindiga ba, ma'aikaci yakan ci gaba da aikinsa, bai tsaya gyara tsayuwa ba. Na uku, tun da tsayin hoton daidai yake da faɗinsa, samaniya takan sami kasonta ko da ba don ita aka ɗauka ba.

4.0 WARWARAR JIGO

4.1 Jirgi

Matsalar da ke gaban duk mai ɗaukar jirgin ruwa ita ce girma. Takarda ba ta san girma ba. Kwalekwale da jirgin fasinja mai hawa goma duk tafin hannu guda ne a kanta. Hanya biyu ake bi a warware wannan. Ta farko ita ce a ja da baya ko a hau bisa, a kwaso tashar gaba ɗaya, kamar yadda Frits Rotgans ya yi suna da faffaɗan hotunansa na tashar a wannan zamanin. Irin wannan hoto yana nuna yawa, amma mutum a cikinsa bai wuce ƙwayar gero ba. Ta biyu ita ce a matsa kusa har jirgin ya fi ƙarfin hoton, a ga gaban jirgi kaɗai ya tokare sama, ko igiya mai kaurin cinya ta ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, sa'an nan a sami mutum a gindinsa wanda da shi za a auna. Oorthuys ya iya duka biyun, amma a ta biyun ne ya fi armashi.

A ganinmu nan ne darajar littafin take. Leburan da ke cikin hotunansa yana yin aiki biyu a lokaci guda: shi ne ma'aunin da ke nuna girman jirgin, shi ne kuma dalilin da ya sa jirgin yake motsi. Idan aka rufe shi da yatsa, sai hoton ya koma tallar kamfanin jirage. A shekarun nan galibin kayan da ba na zuba ba a buhu da akwati da ganga da dami suke zuwa, kuma kowane ɗaya sai hannu ya taɓa shi. Saboda haka mai kyamara bai sha wahalar neman mutum ba. Tashar cike take da su, kuma tana cikin gari, ana hangen bututun jirage daga kan titi.

Shekara bakwai kacal bayan fitowar littafin, a watan Mayu na 1966, jirgin Fairland ya sauke kwantenoni a Rotadam, kuma daga nan al'amarin ya fara juyawa. Tashar ta yi ta gusawa yamma, daga Botlek zuwa Europoort zuwa Maasvlakte, wadda ƙasa ce da aka cike a cikin teku, wajen kilomita 40 daga tsakiyar gari. A 1993 aka buɗe wani sashe a can inda motocin ɗaukar kwantena suke yawo babu direba. Manyan jiragen yau sun kai mita 400 a tsawo, amma mai tafiya a tsakiyar birnin ba zai gan su ba. Jirgin da ya fi shiga hoto a cikin gari yanzu shi ne tsohon jirgin fasinjan nan mai sunan birnin, wanda ya fara tafiya a 1959, aka kuma ɗaure shi a unguwar Katendrecht ya zama masauki tun 2010. Watau an sami jirgin da ke tsayawa a ɗauke shi, amma ba ya zuwa ko'ina.

4.2 Gada

Tun kafin Oorthuys aka kafa salon kallon gadar Rotadam. A 1928 Joris Ivens ya fitar da wani gajeren fim marar magana mai suna De Brug, watau Gada, a kan gadar jirgin ƙasa da mutanen garin ke kira De Hef, wadda aka buɗe a 1927. Hasumiyoyi biyu ne na ƙarfe, tsakaninsu da wani sashe da ake ɗagawa sama ɗungurungum idan jirgin ruwa zai wuce. Ivens ya hau ya sauka a jikinta da ƙaramar kyamarar hannu, yana bin ƙafafun injin da igiyoyin ƙarfe da nauyin da ke saukowa idan gadar tana hawa. Abin da ya gano shi ne, wannan gada alƙali ce tsakanin masu neman hanya biyu: idan jirgin ƙasa zai wuce na ruwa ya jira, idan na ruwa zai wuce na ƙasa ya jira. Jigon fim ɗin ke nan, kuma jigo ne na aiki.

Gada tana da wata ma'anar a wannan birni. Kogin ya raba shi biyu. A arewa akwai ofisoshi da kantuna da mahukunta. A kudu kuwa nan ne leburorin tasha suka zauna, da farko baƙi daga karkarar Holan, daga baya kuma baƙi daga Turkiyya da Maroko da Suriname da sauransu. Wanda ya ɗauki gada cike da masu keke da sassafe, ko ya sani ko bai sani ba, ya ɗauki hoton dangantakar waɗannan ɓangarori biyu.

To, mu dubi abin da ya biyo baya. A 1993 aka karkatar da jiragen ƙasa ta ramin ƙarƙashin kogi, De Hef ta daina aiki. Mutanen gari suka hana a rushe ta, ta zama abin tarihi, sashenta na tsakiya a ɗage. A 2022 ma sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce da aka ji za a kwance wannan sashe domin jirgin shaƙatawar attajirin Amurka Jeff Bezos ya wuce, har aka fasa. A 1996 kuma aka buɗe gadar Erasmus, wadda Ben van Berkel ya zana, mai tsawon mita 800 da ɗoriya da ginshiƙi guda mai tsayin mita 139, mai launin shuɗi-shuɗi mai haske, mai lanƙwasa kamar wuyan tsuntsun ruwa. Ita ce yau tambarin birnin. Ko shakka babu kyakkyawa ce, amma tun a kan takardar zane aka yi ta domin a kalle ta, saboda haka mai ɗaukarta bai gano kome ba. Abin da mai zanen ya shirya masa ya karɓa. Daɗin daɗawa, salon da ya yi yawa a yau shi ne a kafa kyamara da magariba a bar idonta a buɗe na daƙiƙoƙi masu yawa. Ruwa sai ya kwanta kamar madara, fitilun motoci su zama zare, duk wani mai tafiya kuwa ya ɓace, domin abin da ke motsi ba ya zama a irin wannan hoto. Ivens ya nemi motsi a jikin ƙarfe. Magadansa sun sami dabarar kashe motsi ko da a jikin mutane ne.

4.3 Samaniya

Ƙasar Holan galibinta shimfiɗaɗɗiya ce, iskar yamma kuma kullum tana koro gizagizai daga teku. Masu zanen ƙasar na ƙarni na 17 su ne suka mayar da wannan abin kallo. A zanen birnin Haarlem na Jacob van Ruisdael, da na birnin Delft na Johannes Vermeer, an sauke iyakar ƙasa can ƙasa, aka bar wa gajimare fiye da rabin allo. Duk Baholande mai kyamara da wannan gado ya tashi.

Sai dai kyamara ba ta karɓi gadon cikin sauƙi ba. Sinadarin hoto na farko ya fi jin launin shuɗi, saboda haka kafin ƙasa ta fito sosai sama ta riga ta ƙone ta zama fari fat. Wannan ne ya sa Gustave Le Gray na Faransa, a wajajen 1856 da 1857, ya riƙa ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su wajen wanki. A zamanin Oorthuys fim ya inganta, kuma sananniyar dabara ita ce a ɗaura wa idon kyamara gilashi rawaya ko ja, wanda ke duhunta shuɗin sama ya bar gajimare fari, sa'an nan a ƙara ƙona saman a ɗakin wanki. Abin nufi shi ne, wannan sama mai kwarjini da ake gani a hotunan baƙi da fari aikin hannu ce, kamar yadda zuga take a bakin maroƙi. Ba ƙarya ba ce, domin gajimaren yana nan. An dai ɗaga masa murya.

Har wa yau, a saman tashar shekarun 1950 ba a rarrabe gajimare da hayaƙi. Tururin jiragen ja da hayaƙin bututu suna hawa su gauraya da girgije, kuma ga mutanen da suka ga tasharsu a rushe, hayaƙi albishir ne cewa an koma aiki. Mai kallo na yau, wanda ya san abin da hayaƙin matatun mai da masana'antu yake yi wa huhu da yanayin duniya, ba zai karanta shi haka ba. Hoton bai sauya ba, mai karatunsa ne ya sauya, kuma wannan ma yana cikin abin da mai tarke zai yi la'akari da shi.

5.0 ABIN DA KIRARI YA TSALLAKE

Mun ce littafin kirari ne, sunansa ma ya nuna haka. Kirari kuwa yana da abin da ba ya faɗa. Abu na farko shi ne ciwo. A 1953 aka kafa mutum-mutumin Ossip Zadkine a birnin, mutum ya ɗaga hannuwa sama yana kururuwa, ƙirjinsa a huje babu zuciya. Littafin da aka yi domin nuna kazar-kazar ba wurin zaman makoki ba ne, kuma mutumin da ya ɗauki hotunan yunwar 1944 ya san abin da ya ajiye gefe. Haka nan leburansa ƙaƙƙarfa ne mai gamsuwa da aikinsa. Amma waɗannan leburori su ne suka tsayar da tashar cik da yajin aiki a 1970 da 1979.

Abu na biyu shi ne asalin kaya da asalin mutane. Buhu a hoto buhu ne kawai, ba ya faɗin gonar da ya fito. A nan mai karatu Bahaushe yana da abin da zai ƙara. Kamfanin UAC, wanda a wancan zamani yana cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano, a lokacin reshe ne na Unilever, Unilever kuwa ɗaya daga cikin hedikwatocinta biyu a Rotadam take har 2020, kuma a zamanin da muke magana masana'antar man Blue Band tana bakin kogin, ba nisa da De Hef. Hotunan dalar gyaɗa da muka saba gani da hotunan tashar Rotadam bakin zare ɗaya ne da ɗaya bakin, kuma cuta ɗaya ke damun su: tulin kaya ya cika ido, manomin da ya noma da ɗan dakon da ya ɗora sun zama abin auna tsayi. Haka kuma tun 1911 akwai Sinawa masu aikin jirgi a Katendrecht, daga baya kuma matuƙa daga tsibiran Kef Bade suka kafa babbar al'umma a birnin. Kirarin birni bai cika kiran sunayensu ba.

Wanda ya fuskanci wannan giɓi gadan-gadan shi ne Ba'amurke Allan Sekula, a aikinsa Fish Story, wanda aka fara nunawa a Rotadam a 1995, da kuma fim ɗin The Forgotten Space da ya yi tare da Noël Burch a 2010. Hujjarsa ita ce, kwantena akwati ce da ke ɓoye abin da ke cikinta da gumin da ya cika ta, saboda haka hoto shi kaɗai ba zai iya ba da labarin tashar zamani ba, sai an haɗa shi da dogon rubutu. Idan aikin Oorthuys kirari ne, na Sekula ya fi kusa da habaici. Yana da gaskiya a hujjarsa, amma ya biya farashi: hotunansa da yawa ba sa tsayawa da ƙafarsu idan aka raba su da rubutun, alhali na Oorthuys suna magana ko ga wanda bai iya karanta harshen Holan ba.

6.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa jirgi da gada da samaniya sun zama amshin hotunan Rotadam ne saboda tarihin birnin ya bar masa su kaɗai, kuma kowannensu sai da gwaninta ta shiga kafin ya fito yadda muke ganinsa. Mun ga kuma cewa littafin 1959, duk da abin da ya tsallake, ya tsaya ne a kan zamanin da tasha da gari da ma'aikaci suke wuri ɗaya, har ido ɗaya yana iya kwashe su a latsawa guda. Wannan zamani ya wuce. Wanda ya tsaya yau a bakin kogin ya ɗauki gada da jan gajimare, amshi yake maimaitawa bayan an manta baitocin. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya: mai son ya ɗauki tashar yadda take sai ya yi tafiyar kilomita 40, ya nemi izinin shiga, ya nemo mutumin da ke cikin ɗakin sarrafa injuna ko matuƙin da ya yi watanni bai taka ƙasa ba. Ga ɗalibanmu masu nazarin tsofaffin hotunan garuruwanmu kuwa, tambayoyin da muka yi wa Rotadam suna jiran su: ina mai kyamara ya tsaya, wa ya sa shi, wa ke cikin hoton, wa kuma aka bari a waje?